Madarumfa: Ana biyan kuɗin waƙa, amma ba ya kai wa ga mai waƙar

A Madarumfa, garin da ke bakin tafki a kudancin Maraɗi, saurayin da ke son sabuwar waƙar Hamisu Breaker ko Umar M. Shareef ba ya buƙatar intanet. Rumfar cajin waya zai nufa, ya miƙa memori, ya ba da 'yan sefa, mai kwamfuta ya cika masa. Kafin magariba waƙar ta ratsa wayoyin abokansa ta Xender ko Bluetooth.

Matasa na kiran wannan kyauta, amma kuɗi na fita daga aljihu. Mai tura waƙa ya karɓa, kamfanin sadarwa ya ci na data. Wanda ya rubuta waƙar ya kuma biya situdiyo ne kaɗai babu rabonsa.

Yawancin waƙoƙin daga Kano da Kaduna suke fitowa, su bi hanyar Katsina da Jibiya da Dan Isa, ko su sauka kai tsaye ta WhatsApp. Tun da kasuwar faifan CD ta mutu, mawaƙa da dama sun koma dogaro da bukukuwa, waƙar 'yan siyasa da kuɗin tallan YouTube.

Doka kuwa tana nan. Nijar na da hukumar kare haƙƙin mallakar fasaha, BNDA, tun 1995, kuma a 2010 aka sabunta dokar haƙƙin mawallafa. Sai dai karɓar kuɗi daga gidan rediyo ko wurin casu ya fi sauƙi a kan bin diddigin fayil ɗin da ke tsallakawa daga waya zuwa waya.

Biya ta halastacciyar hanya ma na da nasa cikas. Manhajoji irin su Spotify da Apple Music sun fi dacewa da mai katin banki, alhali manomi ko masunci a Madarumfa da tsabar kuɗi yake hulɗa. Boomplay da Audiomack na barin a saurara ba biya, su ba mawaƙi kaso daga talla, amma suna cin data.

Masu kare tura-tura na da hujja: Mdou Moctar. Mawaƙin na Nijar ya naɗi kundinsa Anar a Sakkwato a 2008, waƙoƙin suka bazu a Sahel ta memori. A haka Ba'amurke Christopher Kirkley ya ji su, ya sa ɗaya cikin kundin Music from Saharan Cellphones a 2011. Yau Mdou na zagaya Turai da Amurka da jitarsa.

Abin lura shi ne, tura-tura suna ta ba shi. Kuɗi bai zo ba sai da aka neme shi, aka sayar da waƙar, aka ba shi kasonsa.

Nan 'yan ci-rani ke da ta cewa. Ɗan Madarumfa da ke Faransa ko Abijan, mai katin banki da intanet mai sauƙi, zai iya sauraro a shafin mawaƙin na asali maimakon ya jira a turo masa. A gida kuwa, muddin babu hanyar biyan waƙa da ƙaramin kuɗi ta waya, kamar yadda ake sayen kati, rumfar caji ce za ta ci gaba da zama shagon waƙa.