Renon Irin Lambu A Gida

Kowace shekara idan ruwa ya ɗauke cikin watan Oktoba, masu lambu na Kawo da bakin Kogin Kaduna su kan shiga neman irin dashe. Sabon shiga ya kan saya a hannun wanda bai sani ba, ya kawo cuta cikin lambunsa da kuɗinsa. Tsutsar nan da ta cinye tumatir a Kaduna da Kano cikin 2016 tana bin ganyen dashe daga wannan gona zuwa waccan. Wanda ya reni irinsa a gida kuwa ya san abin da ya dasa.

Aikin ba wuya. Akwatin katako mai zurfin inci huɗu ya isa, ko tsohon kwano, amma fa a huda gindinsa don ruwa ya riƙa fita. A haɗa ƙasar sama kashi biyu, ruɓaɓɓen taki kashi ɗaya, rairayi kashi ɗaya, a tankaɗe. Ɗanyen taki ƙona saiwa ya ke yi.

Sa'an nan a ja layi da tsinke, zurfin kwatan inci, tsakanin layi da layi inci uku. A zuba iri tsakatsaki, a rufe da ƙasa kaɗan, a shimfiɗa busasshiyar ciyawa bisa. Tumatir ya kan tsiro cikin mako guda, tattasai da attarugu sai sun kusa mako biyu. Da an ga tsiro sai a kwashe ciyawar, a yi 'yar rumfa da ita. A ɗora akwatin bisa wani abu, saboda kaji da ƙadangaru.

Babban kuskuren sabon shiga shi ne yawan ban ruwa. Idan ƙasa ta zauna jagab, iri kuma ya cunkushe, sai wata cuta ta kama ƙarar tsiron daidai bakin ƙasa, ta ruɓe. Da safe a tarar sun kwanta duka, ba kuwa mai tashe su. Maganinta shi ne yayyafi da gwangwani mai ƙananan huji da sassafe, da rage tsiro har ya zama inci guda tsakaninsu.

Tumatir da kabeji su kan isa dashe bayan mako huɗu ko biyar, albasa da barkono mako shida zuwa takwas. Furannin ado irin su ziniya, mako uku ko huɗu. Karas da kuɓewa ba su son dashe, inda za su zauna a ke shuka su.

Saura mako guda a dasa, sai a janye rumfa a rage ruwa, don su saba da rana. Ranar dashe a jiƙa akwatin, a cire kowane da ƙasarsa, a dasa da la'asar sakaliya. Tumatir yana bukatar ƙafa biyu tsakanin layi, ƙafa ɗaya da rabi tsakanin tushe.

Kada a yi jinkiri. Tumatir sanyin hunturu ya ke so. Wanda ya bari sai Janairu, furensa zai haɗu da zafin Maris ya zube, wahala ta tashi a banza. Da ma an ce da zafi-zafi a kan bugi ƙarfe.