Agajin farko a wurin aiki: mintocin da ke raba rai da ajali a Damagaram

Duk wanda ya ratsa lungunan Birni, bayan fadar Sarkin Damagaram, ya san akwai inda mota ba ta shiga. In magini ya faɗo daga kan soro, ko wutar lantarki ta kama mai walda, likita ba shi ne zai fara isa wurin ba. Abokin aiki ne, ko maƙwabci, ko ɗan kabu-kabu da ke wucewa. Kafin a kai majinyaci babban asibitin Zinder, abin da waɗannan mutane suka yi, ko suka kasa yi, shi ke yanke hukunci.

Likitoci sun tabbatar cewa in numfashi ya tsaya, ƙwaƙwalwa kan fara lalacewa cikin minti 4 zuwa 6. Shi ya sa ake koya wa mai agaji ya danna tsakiyar ƙirji sau 30, ya hura iska sau 2, ya yi ta maimaitawa har taimako ya iso. Wanda ya suma amma yana numfashi, a kwantar da shi ta gefe don kada amai ya shaƙe shi. Mai zubar jini, a danne ciwon da tsumma mai tsabta. Ƙuna kuwa ruwa mai sanyi ake kwarara mata har minti 20. Man shanu, ɗanyen ƙwai da man goge haƙori, waɗanda jama'a suka saba shafawa, ƙara ɓarna suke yi. Wanda ya faɗo daga sama ba a ciccibarsa da gaggawa, domin ƙashin baya na iya samun matsala. Lambar masu kashe gobara ita ce 18.

Wannan ilimi yana da tarihi. Abin da Henry Dunant ya gani a fagen yaƙin Solferino a 1859 shi ya haifar da ƙungiyar Croix-Rouge a Janeba a 1863. Reshenta na Nijar an kafa shi a 1963, kuma yana horar da masu agaji, yana ba su takardar shaida. Tun shekarar 2000 ake bikin ranar agajin farko ta duniya a Asabar ta biyu ta watan Satumba.

Doka ma ba ta yi shiru ba. Dokar aiki ta 25 ga Satumba 2012 ta ɗora wa mai ma'aikata nauyin kare lafiyar ma'aikatansa da horar da su kan kauce wa haɗari, asusun CNSS kuma ke biyan diyyar haɗarin aiki ga waɗanda aka yi wa rajista. Sai dai mafi yawan masu neman abinci a Damagaram ba sa cikin wannan inuwa. Matatar mai ta SORAZ, da aka buɗe a 2011, ma'aikata ce mai tsari. Majema, maƙera, makanikai da ƴan dako na kasuwar Dole kuwa ba su da kowa sai junansu.

A nan aikin ya dawo wuyan shugabannin ƴan kasuwa, sarakunan sana'a da shugabannin ofisoshi. Kowane gareji, kowane layin kasuwa, kowane biro ya kamata ya sami mutum biyu masu horo, domin ɗaya na iya yin tafiya, tare da akwatin magani da ake dubawa. Horon ma sai ana sabunta shi, domin hannu yakan manta abin da bai saba yi ba. Kuɗinsa bai kai na jinyar mako guda ba, balle asarar magidanci mai ciyar da gida. Rigakafi, in ji Hausawa, ya fi magani.