Ɗan Sanda a Gaban Allo: Abin da Ya Kamata Ku Sani Game da Shirin D.A.R.E.

A shekarar 1983 shugaban 'yan sandan birnin Los Angeles na Amurka, Daryl Gates, ya haɗa kai da hukumar makarantun gwamnati ta birnin suka kafa wani shiri mai suna D.A.R.E., da nufin koya wa yara yadda za su guje wa shaye-shaye. Kafin nan 'yan sandan birnin sun shafe shekaru suna tura jami'ai masu ƙuruciyar fuska su yi shigar ɗalibai a makarantun sakandare, su sayi ƙwaya, sannan su cafke mai sayarwa. Ana kama wasu, wasu na tasowa. Sai aka ce bari a tari abin tun daga firamare, kafin yaro ya kai shekarun da abokai za su miƙa masa.

Tsarin shirin na farko ba shi da wuyar fahimta. Ana zaɓo ɗan sanda a ba shi horo na sa'o'i 80, sannan ya riƙa shiga aji biyar ko aji shida sanye da kayan sarki, sau ɗaya a mako, har darasi 17. Zai yi bayanin taba sigari da giya da wiwi da hodar ibilis, ya nuna illarsu, ya koya wa yara hanyoyin cewa a'a, ya kuma yi magana a kan mutunta kai. A ƙarshe a yi bikin yaye ɗalibai, yara su yi alkawarin ba za su taɓa kusantar ƙwaya ba, a raba takardar shaida da riguna masu tambarin shirin.

Shirin ya zo a kan gaɓa. A tsakiyar shekarun 1980 wani nau'in hodar ibilis mai araha da ake zuƙa ya mamaye unguwannin talakawa a manyan biranen Amurka, uwargidan shugaban ƙasa Nancy Reagan tana yawon makarantu tana kiran yara su ce a'a, kuma a 1986 majalisar dokokin ƙasar ta yi dokar da ta ware kuɗi don darussan rigakafin shaye-shaye a makarantu. Kafin a ankara D.A.R.E. ya shiga kusan kashi 75 cikin ɗari na gundumomin makarantun Amurka, ya kuma ƙetara zuwa ƙasashe da dama. Brazil ta ɗauke shi a 1992 ƙarƙashin sunan PROERD. A lokacin kowa na son shirin. Iyaye sun ga ana yin wani abu, malamai sun sami mai ɗauke musu magana mai nauyi, 'yan sanda sun sami damar nuna fuskar rahama, 'yan siyasa kuma sun sami wurin ɗaukar hoto.

Da masu bincike suka fara bin diddigin yaran, sai labari ya sha bamban. A 1994 wani rukunin masana ya tattara sakamakon binciken da aka yi a wurare daban-daban, ya gano cewa tasirin shirin wajen hana shaye-shaye ƙanƙani ne ƙwarai. A 1999 masana a Jami'ar Kentucky suka fitar da sakamakon bin matasa kimanin dubu ɗaya tsawon shekara goma, tun suna aji shida har suka kai shekara ashirin. Waɗanda suka yi D.A.R.E. da waɗanda suka yi darasin lafiya na yau da kullum, babu wani bambancin a zo a gani tsakaninsu wajen shan taba, giya ko wiwi. Wani bincike na shekara shida a jihar Illinois ma ya ga alamar cewa yaran unguwannin bayan gari da suka yi shirin sun ɗan fi takwarorinsu gwada ƙwaya. A 2001 babban likitan gwamnatin Amurka ya sa shirin cikin jerin waɗanda ba sa aiki, a 2003 kuma ofishin binciken ayyukan gwamnati na majalisar dokokin ƙasar ya faɗi kusan haka.

Me ya hana shi aiki? Dalilai ne da yawa, kuma yawancinsu sun shafi kowane gangamin wayar da kai, ko na ɗan sanda ne ko na malami.

Na farko, sanin illar abu ba ya hana matashi yin sa. Yaran sun fita da ilimi, sun ci jarrabawa a kan sunayen ƙwayoyi, amma ranar da abin ya zo, ba a aji yake zuwa ba. Yana zuwa ne a bayan makaranta ko a majalisar abokai, daga hannun wanda yaron yake jin kunya ko yake son ya burge. Darasin da aka yi masa yana ɗan shekara goma sha ɗaya, yana zaune yana saurare, bai shirya shi wa wannan minti ɗin ba. Tamkar a koya wa mutum iyo ne a kan tabarma.

Na biyu, tsoratarwa tana da iyaka. Idan aka ce wa yaro duk wanda ya zuƙi wiwi sau ɗaya ya haukace ko ya mutu, sannan bayan shekara uku ya ga wani ɗan ajinsu ya zuƙa ya tashi garau, to daga nan ya daina yarda da duk abin da aka faɗa masa, har da gaskiyar da ke ciki game da ƙwayoyin da suke kisa nan take.

Na uku ya fi ba da mamaki. Yawan nanata cewa ƙwaya ta cika gari yana sa yaro ya ɗauka kowa na sha, shi kaɗai ne aka bari a baya. Masana sun daɗe da lura cewa matasa suna zaton masu shaye-shaye a cikin sa'o'insu sun fi yadda suke yawa, kuma wannan zato da kansa yana tura su gwadawa. Shirin da ya nuna wa yaro, da alƙaluma na gaskiya, cewa yawancin abokansa ba sa sha, ya fi wanda ya zo da hotunan gawarwaki amfani.

Akwai kuma batun amana, wanda ba a cika tattauna shi ba. Ɗan sanda a aji yana nan a matsayinsa na ɗan sanda. Jaridun Amurka sun ruwaito lokutan da yaro ya faɗa wa jami'in D.A.R.E. cewa akwai wiwi a gidansu, yana zaton taimako za a kawo, sai aka zo aka kama iyayensa.

Masu shirin sun yi shekaru suna musanta waɗannan sakamako, amma da kuɗin gwamnati ya fara komawa ga shirye-shiryen da bincike ya tabbatar, sai suka sauya. A 2009 suka ɗauki sabuwar manhaja mai suna keepin' it REAL, wadda masana daga wasu jami'o'i a jihohin Pennsylvania da Arizona suka tsara. Darussan sun koma goma, jami'in ya rage surutu, yara kuma suna yin wasan kwaikwayo a tsakaninsu: yadda za ka ƙi kai tsaye, yadda za ka ba da dalili, yadda za ka kauce wa wurin tun farko, da yadda za ka tashi ka bar shi. Ko wannan ma ana ta muhawara a kansa. Da aka gwada nau'insa na Brazil a makarantun São Paulo, ba a ga ya rage shaye-shaye ba.

Wannan tarihi ya shafe mu a Najeriya, domin jami'ai masu kaki suna shiga makarantunmu. Hukumar yaƙi da miyagun ƙwayoyi ta NDLEA ta ƙaddamar da gangamin yaƙi da shaye-shaye na WADA a watan Yunin 2021 ƙarƙashin shugabancin Buba Marwa, kuma jami'anta suna zagaya makarantu suna lacca. Rundunar 'yan sandan Najeriya ma tana da nata shirin, POCACOV, na yaƙi da ƙungiyoyin asiri da sauran miyagun ɗabi'u a tsakanin matasa. Buƙatar kuwa a fili take. Binciken ƙasa na 2018 da aka yi tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 masu shekara 15 zuwa 64 sun yi amfani da ƙwaya a shekarar da ta gabaci binciken, kuma a 2018 ɗin ne gwamnati ta haramta haɗawa da shigo da maganin tari mai kodin.

A ganina zuwan jami'i makaranta yana da amfaninsa. Yaron da ya taso yana gudu idan ya hango motar 'yan sanda, ya zauna da ɗaya daga cikinsu ya yi tambaya ya sami amsa, an yi riba. Kuma akwai abubuwan da jami'in ya fi kowa sani: yadda dillalai suke amfani da yara wajen kai saƙo, abin da doka ta tanada, inda za a kai rahoto idan wani babba yana bibiyar yaro a hanya ko a waya. Kuskuren shi ne a tara ɗalibai ɗari biyar a filin taro, a yi musu laccar awa ɗaya, a ɗauki hoto, hukumar makaranta ta rubuta cewa ta gama da batun shaye-shaye na bana.

An taɓa gwada wata hanyar a nan gida. Shirin Unplugged, wanda aka fara gwajinsa a ƙasashen Turai bakwai, darasi 12 ne da malamin aji yake koyarwa bayan an horar da shi, kuma yawancinsa tattaunawa ce da gwaji tsakanin ɗalibai. An gwada shi a makarantun sakandare 32 na gwamnatin tarayya a Najeriya tare da Ma'aikatar Ilimi, aka kwatanta waɗanda suka yi da waɗanda ba su yi ba, kuma an ga raguwar shan giya a wajen waɗanda suka yi.

Saboda haka idan an kira taron iyaye da malamai aka ce za a kawo jami'ai su yi wa yara magana, ba laifi uba ko uwa su tambaya: sau nawa za su zo, yaran za su yi magana ko saurare kawai za su yi, wane malami ne zai ci gaba da darasin bayan sun tafi? Su kuma tambaya tun kafin ranar, idan yaro ya ɗaga hannu ya ce yayansa yana shan taramol, wurin wa za a kai maganar, mai ba da shawara ko ofishin 'yan sanda.