Kafofin sada zumunta a hannun malaman jami'a: kowace ƙasa da tata hanya

Lokacin da annobar korona ta sa aka rufe jami'o'i a shekarar 2020, malamai da yawa sun koma ga manhajojin da ɗalibansu suka riga suka saba da su. Sai dai zaɓin manhaja bai rataya ga son malami kaɗai ba. Doka da tsadar intanet su ne suka fi yanke hukunci.

A ƙasar Sin, inda aka toshe Facebook da WhatsApp da YouTube, malamai sun dogara da WeChat wajen raba aiki da amsa tambayoyi, da DingTalk wajen gabatar da darasi kai tsaye. A ƙasashen Tarayyar Turai kuwa, dokar kare bayanan jama'a da ta fara aiki a watan Mayun 2018 ta ƙara wa jami'o'i taka-tsantsan. Shi ya sa da yawansu suka fi son a ajiye darasi da jarrabawa a dandalin da jami'a ke iko da shi, kamar Moodle. A Indiya da Amurka, YouTube ya zama rumbun laccoci: shirin NPTEL da cibiyar MIT suna ɗora darussa kyauta ga duk mai so.

A Nijar da maƙwabtanta, inda ɗalibi ke lissafin kowane megabait, WhatsApp ne ya fi karɓuwa, domin saƙon murya da hoton shafin littafi ba su cin kuɗi kamar bidiyo.

Wannan yana da amfani na musamman ga masu nazarin harshe. Rubutun Hausa na yau da kullum ba ya nuna karin sauti ko tsawon wasali. A takarda, "kuka" na hawaye da "kuka" itaciya ɗaya suke, haka ma "gari" na mazauni da "gari" na tuwo. Saƙon murya na ƴan daƙiƙu yana raba su nan take.

Amma zauren WhatsApp ba ɗakin karatu ba ne. Darasi yakan nutse cikin gaisuwa da sanarwa, ɗalibin da ba shi da babbar waya kuma a bar shi a baya. Sannan muryar da aka naɗo daga bakin dattijo don bincike amana ce, ba a yaɗa ta sai da yardarsa. Malamin da ya kiyaye waɗannan, ya tanadi kwafin darasi a takarda, shi ne ya ci moriyar kafar ba tare da ya zubar da ɗalibi ko ɗaya ba.