Ajiya a Zamanin Tsada: Yaushe Ake Sayen Takardar Bashin Gwamnati?

Shirinmu na musamman a yau ya yada zango ne a kan hanyar Katsina, daga Rijiyar Lemo zuwa Fagge da Sabon Gari, kuma zancen ajiya za mu yi. Da masu ƙaramin ƙarfi muke: tela, da mai shagon kayan masarufi, da malamin makaranta, da uwargidan da ta kwashi adashe, da dattijon da aka biya shi garatuti yana neman inda zai sa kuɗin su yi masa rana.

Duk inda ka zauna a majalisa maganar ɗaya ce, kuɗin yanzu ba su da auki. Alƙaluma ma sun gaskata masu faɗin haka. Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta ce a watan Disamba na 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, bayan cire tallafin man fetur a watan Mayu na 2023 da sakin naira ta nemo wa kanta daraja a kasuwa a watan da ya biyo baya. Wato abin da ka saya naira dubu 100 a ƙarshen 2023, a ƙarshen 2024 sai da ka ba da kusan dubu 135. Wanda ya ƙulle kuɗinsa a adaka a irin wannan shekara tamkar ya ajiye ƙanƙara ne a rana: ba wanda ya taɓa masa, amma tana raguwa.

Wasu ƙasashe sun yi wa talakawansu maganin wannan damuwa. A Amurka, tun 1998 gwamnati take sayar da wata takardar ajiya mai suna I Bond. Ka ba gwamnati rance, ita kuma ta ɗaure abin da za ta ƙara maka da tashin farashin kaya. Idan tsada ta hau, ƙarin ya hau, idan ta sauka ya sauka. Sau biyu a shekara ake sabunta ƙimar, ranar 1 ga Mayu da ranar 1 ga Nuwamba, kuma wanda ya saya yana cin ƙimar da ya tarar har wata shida. Shi ya sa mutanen can suke ƙirga kwanaki. A watan Mayu na 2022 ƙimar ta kai kashi 9.62, abin da ba a taɓa gani ba, kuma da aka san za ta sauka a Nuwamba, sai jama'a suka yi dafifi a shafin intanet na baitulmalin ƙasar a kwanakin ƙarshe na Oktoba har ya riƙa sarƙewa. Da watan ya kama aka mayar da ita kashi 6.89. Ingila ma ta yi irin wannan tsari, a 1975 ta fara shi domin 'yan fansho.

To mu a nan fa? Gaskiyar magana, Najeriya ba ta da takardar ajiyar da ke bin sawun tsada. Ku riƙe wannan da kyau, domin a kansa duk sauran bayanin ya doru. Abin da muke da shi mafi kusa shi ne takardar da dillalai ke kira FGN Savings Bond, wadda Ofishin Kula da Basussuka na Ƙasa, wato DMO, ya fara fitarwa a watan Maris na 2017. Da naira 5,000 za ka iya shiga, ka ƙara dubu-dubu har zuwa miliyan 50. Wa'adinta shekara biyu ne ko uku. Duk bayan wata uku a turo maka ƙarin da aka yi alkawari cikin asusunka na banki, ranar da wa'adi ya cika a maido maka da uwar kuɗinka cif. Ba a shiga ofishin gwamnati a saya. Ta hannun dillalan hannun jari masu rajista ake bi, su buɗe maka asusun ajiyar takardu da sunanka.

Ga inda lokaci ya shigo. Ƙimar da aka sanar a watan da ka saya, ita ce taka har ƙarshen wa'adi. Ba ta motsi, ko da kwanon masara ya ninka uku. Ba'amurken da ya saya a watan da bai dace ba zai yi haƙurin wata shida ne abin ya daidaita. Mutumin Fagge da ya yi wannan kuskure, shekara biyu ko uku zai yi yana biyansa.

Bari mu ɗauki misali na gaske. A ƙarshen 2020, bayan kullen korona, kuɗi sun yi wa bankuna yawa, ƙimar takardun gwamnati ta faɗi warwas. Takardar ajiyar da aka fitar a watan Disamba na shekarar ba ta kai kashi 2 cikin ɗari ba. A ce wani bawan Allah a Sabon Gari ya zuba naira dubu 100 na shekara uku. Duk ƙarin da zai samu bai kai dubu 6 ba. A wannan tsakani kuwa hauhawar farashi ta wuce kashi 15 a ƙarshen 2021, ta wuce 21 a ƙarshen 2022, ta doshi 29 a ƙarshen 2023. In ka haɗa lissafin, kaya sun tashi da kusan kashi 80. Gwamnati ta cika alkawari, ba ta ci masa ko kwabo ba, amma kuɗin da suka dawo hannunsa ba za su sayi abin da dubu 60 ke saya ranar da ya ba da su ba. Wannan lissafi yana yi mini ciwo, domin irin wannan mutum shi ne wanda ya ƙi bin 'yan damfara, ya bi hanyar da hukuma ta shimfiɗa.

Sai kuma mu juya ɗaya gefen. Daga Fabrairun 2024 Babban Bankin Najeriya ƙarƙashin Olayemi Cardoso ya yi ta ɗaga ma'aunin kuɗin ruwa, daga kashi 18.75 har ya kai 27.5 a watan Nuwamba. Takardar ajiya ta bi sawu, a farkon 2025 mai shekara uku ta haura kashi 18. A lokacin mutane da yawa sun yi tsaki, suna cewa me kashi 18 zai yi a gaban tsadar kashi 34? Amma cikin 2025 alƙaluman tsadar suka riƙa sauka, har suka dawo wajen kashi 18 a watan Satumba. A nan dole a faɗi cewa a farkon shekarar hukumar ƙididdiga ta sauya ma'auninta, ta mayar da 2024 shekarar da ake kwatantawa da ita maimakon 2009, kuma wannan kaɗai ya sauko da adadin daga 34.8 zuwa wajen 24.5 a wata guda. Uwargidan da ke cefane a Kasuwar Sabon Gari ba ta ga wannan sauƙi a kwandonta dare ɗaya ba. Duk da haka, wanda ya ƙulla kashi 18 a lokacin, yana ci gaba da karɓar kashi 18 ɗinsa bayan sababbin takardun sun fara ja da baya.

Kenan abin dubawa shi ne inda tsada ta dosa, fiye da inda take tsaye a yau. Lokacin da ya fi dacewa da ɗaure kuɗi na tsawon wa'adi shi ne sa'ad da ƙima ta hau sama, tsada kuma ta fara gajiya. Wanda ya fi muni shi ne sa'ad da ƙima take ƙasa, farashi yana shirin tashi. Gane wannan ba sai mai digiri ba. Wajen tsakiyar kowane wata ake sanar da adadin hauhawar farashi, gidajen rediyo na karantawa. Kwamitin Babban Banki yana zama kusan duk bayan wata biyu ya faɗi matsayinsa. Ita kuma takardar, galibi a Litinin ɗin farko ta wata ake buɗe sayar da ita, a rufe ranar Juma'a. Ka saurari na farko, ka saurari na biyu, kafin ka yanke shawara a kan na uku.

Gaibu dai sai Allah. Saboda haka mai hankali ba ya zuba komai a wata ɗaya. In dubu 300 gare ka, raba su gida uku, ka saya a watanni daban-daban, wasu na shekara biyu, wasu na uku. Ka kuma duba lokacin buƙatarka. Wanda ya saya a watan Maris, biyansa zai riƙa faɗowa a Yuni, Satumba, Disamba da Maris, ga shi kuwa Satumba ne watan kuɗin makaranta. Sannan kada ka sa jarin shagonka ko kuɗin haya. An ce ana iya sayar da takardar a kasuwar hannayen jari kafin wa'adi, haka ne, amma masu saye ba su da yawa, kuma mai sayarwa cikin gaggawa shi ake taya wa da arha.

Na san tun ɗazu wasu masu sauraro a Rijiyar Lemo da Kurna suna cewa, Malam, duk wannan ai kuɗin ruwa ne. Gaskiyarku. Takardar ajiyar nan rance ce da ƙari a kai, kuma Musulmi da yawa ba za su kusance ta ba ko nawa za ta bayar. Maƙwabtanmu na Sabon Gari da addininsu bai hana su ba, ƙofa a buɗe take gare su kowane wata. Ga mai gudun riba kuwa, abin da gwamnati ta tanada shi ne Sukuk.

A watan Satumba na 2017 aka fitar da na farko, na naira biliyan 100, wa'adin shekara bakwai, da ladan haya kashi 16.47. An gina shi ne a kan ijara: kuɗinku ake gina titi da su, ku mallaki rabo a cikinsa, gwamnati ta riƙa biyan ku haya sau biyu a shekara, kuma majalisar malamai masana da ke ba Babban Banki shawara ta amince da tsarin. Mafi ƙarancin shiga naira 10,000. Mu a Kano ba labari ake ba mu ba. Cikin titunan da kuɗin Sukuk suka taɓa akwai na Kano zuwa Maiduguri, da kuma aikin tagwaita hanyar Katsina da ya tashi daga Dawanau, gaba kaɗan da Rijiyar Lemo.

Sai dai shi ma hayarsa a daskare take, kuma wa'adinsa ya fi tsawo. Wanda ya shiga na 2020 ya ƙulla kashi 11.2 har zuwa 2027, da shi ya ratsa tsadar 2023 da 2024. Wanda ya shiga na watan Mayun 2025 kashi 19.75 ya samu. Gwamnati biliyan 300 ta nema a wannan karon, jama'a da kamfanoni suka kawo tayin sama da tiriliyan 2. Ga kuma wata matsala: Sukuk ba shi da tsayayyen lokaci. Ba a fitar ba a 2019, ba a fitar ba a 2024. In an buɗe, 'yan kwanaki ne a rufe. Don haka dabarar mai son sa ita ce shiri. Ka buɗe asusunka wajen dillali tun kafin sanarwa, ka tambayi bankinka ko yana cikin masu karɓa. Batun zakkar irin wannan ajiya kuma, ka zauna da malaminka kafin shekara ta zagayo.

Da yake babu takardar da ke kare mutum daga tsada, Bakano ya daɗe da nemo tasa hanyar. Wani ya sayi hatsi da kaka a Dawanau ya jira bazara. Wani ya gangara Wapa ya canji dala. Mata su sayi zinare, mai hali ya sayi fili. Kowace da ranarta, kowace kuma da haɗarinta. Waɗanda suka tara masara da tsada a kakar 2024 suna jiran ta ƙara tashi sun ji jiki da farashi ya karye a 2025, ga kuɗin sito, ga ƙwari. Dala ma da ta yi ta hawa a farkon 2024 ta juyo ƙasa cikin makonni, ta bar waɗanda suka saya a ƙololuwa da cizon yatsa. Mafi muni su ne masu alkawarin ninka kuɗi ta waya, daga MMM a 2016 zuwa CBEX da ya rushe a watan Afrilun 2025 da dukiyar bayin Allah.

Kiran da nake yi ga Ofishin Kula da Basussuka biyu ne, kuma ina yin sa da zuciya ɗaya. Na farko, a fitar da ƙaramin Sukuk na masu ajiya, kowane wata, na shekara biyu ko uku, kamar yadda ake yi wa ɗaya takardar. Ba adalci ba ne a ce a unguwa ɗaya wani yana da ƙofa goma sha biyu a shekara, maƙwabcinsa kuma yana jiran ƙofa ɗaya da ba shi da tabbacin za a buɗe. Na biyu, a ɗaure abin da ake biyan ƙananan masu ajiya da farashin kaya, ko da za a sa iyaka ga adadin da mutum ɗaya zai saya, kamar yadda Amurka ta tsayar da dala 10,000 a shekara. Masana fiƙihun mu'amala na zamani sun yi bayani a kan hayar da ake sabunta ƙimarta daga zango zuwa zango, don haka akwai inda za a fara tattaunawa. Gwamnatin da ta san bashinta zai ƙaru duk lokacin da tsada ta tashi, za ta fi kowa ƙoƙarin ganin ba ta tashi ba.

Kafin a kai ga haka, duk wanda zai je wajen dillali ya tafi da tambayoyinsa. Yana cikin jerin dillalan da DMO ta amince da su? Nawa ce ƙimar wannan wata, kuma nawa ce ta watan jiya? Wace rana ce biyan farko, wace rana ce cikar wa'adi? Da sunan wa za a rubuta takardar? In ya yi maka hanya-hanya a kan ko da guda ɗaya, ɗauki kuɗinka ka fito.