Bayan Ruwan Alau: Inshora Ko Takaful Ga Mai Gida a Shehuri?

A daren Litinin 9 ga Satumba 2024, wayewar garin Talata, madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya cika ya batse, ruwa ya shigo Maiduguri mutane na barci. Ya mamaye Gwange da Bulabulin da Gamboru, ya shiga Kasuwar Monday, ya kutsa lungunan Shehuri, bai tsaya ba sai da ya taɓa fadar Shehun Borno. Abin ya shafi mutane fiye da miliyan ɗaya, dubun dubata suka bar gidajensu, har aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka riga aka rufe. Dattawan gari ba su ga sabon abu ba. A 1994, shekara talatin cif kafin nan, wannan madatsar dai ta taɓa yi wa birnin irin wannan ɓarna.

Wanda bai ga yadda ruwa ke cin gida ba zai ɗauka da ƙarfi yake rushe shi. Tsohon ginin ƙasa daga tushe yake sha. Katanga ta jiƙe ta yi laushi tana nan tsaye, mai gida ya dawo yana hamdala, sai bayan ruwa ya janye da kwanaki a ji ta zube. Gidan bulo kan tsira da bangonsa, amma shatin ruwan na nan a jikin fenti, wayoyin lantarki sun lalace, katifa ta zama abin zubarwa, buhun gero ya tsiro a ɗakin ajiya, masai ya cika ya haɗe da tsakar gida. Kayan ɗakin da uwa ta shekara da shekaru tana tara wa 'yarta suka tashi a banza cikin dare ɗaya.

Tallafi ya zo, kuma ba wanda zai raina shi. Gwamna Babagana Umara Zulum ya kafa kwamitin rabo, attajirai da gwamnoni sun kawo gudummawa, a 2025 kuma gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 80 don gyaran madatsar. Sai dai mai ba da tallafi shi ke yanke nawa zai bayar da lokacin da zai bayar, kai naka godiya. Mai gidan da ke son ya tanadi abin da zai zama haƙƙinsa, wanda zai nema da takarda a hannu ran da ƙaddara ta faɗa, ƙofa biyu ce a gabansa: inshorar da aka saba da ita, da kuma takaful.

Mu fara da ta farko, domin ita ta fi daɗewa kuma ita ta fi baƙin jini. Yawancinmu abin da muka sani da sunan inshora shi ne takardar mota da ake nuna wa 'yan sanda a hanya, wadda kuɗinta ya tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023. Mutum ya biya shekara da shekaru bai taɓa ganin an ba wani ko sisi ba, to yaya za a ce ya damƙa gidansa ga irin wannan? Shi ya sa duk kasuwar inshorar Najeriya ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na tattalin arzikin ƙasar ba. Amma tsarin a kan kansa a bayyane yake. Ka faɗi kuɗin da zai sake gina gidanka, kamfani ya yanka maka abin da za ka biya a shekara, wanda a al'ada ga gidan bulo ba ya kai naira ɗaya cikin kowace ɗari. Kuɗin ya zama na kamfani. In gida ya ƙone ko ruwa ya ci shi, kamfani ya biya daga aljihunsa. In shekara ta wuce lafiya, ya ci ribarsa, kai kuma ka sayi kwanciyar rai.

Ƙarfin wannan hanya shi ne zurfin aljihu. Manyan kamfanonin sun shekara hamsin, wasu fiye, suna sana'ar, suna da jari mai kauri, su ma kuma sukan yi wa kansu inshora a wajen kamfanonin da suka fi su girma, irin su Africa Re mai hedikwata a Legas. Rauninta a garinmu kuwa ba na lissafi ba ne. Borno ƙasar allo da tawada ce, ba a shiga ciniki sai an ji ta bakin malam. A Disamba 1985, majalisar fiƙihu ta ƙungiyar ƙasashen Musulmi ta zauna a Jidda ta yanke cewa inshorar kasuwanci haramun ce saboda gararin da ke cikinta, ta kuma halatta wadda aka gina a kan taimakon juna. An sami manyan malamai da suka ga akasin haka, irin su Shaihu Mustafa al-Zarƙa na Siriya, amma fatawar mafi rinjaye ita ta zauna a zukatan mutane. Ga kuma batun zuba kuɗin jama'a a harkokin kuɗin ruwa. Dattijon da zai kwana yana tuhumar kansa a kan takardar da ya sa wa hannu, ba zai sabunta ta baɗi ba.

A nan takaful ya shigo. A Sudan aka kafa kamfani na farko a 1979, Malesiya ta yi masa doka a 1984, a Najeriya kuma hukumar kula da inshora ta ƙasa, NAICOM, ta fitar da ƙa'idojinsa a 2013. A 2016 aka ba Noor Takaful da Jaiz Takaful lasisi, daga baya wasu suka biyo, cikinsu har da Salam Takaful a Kano. Kuɗin da ka biya a nan gudummawa ce ka zuba a asusun da ku masu shiga kuka mallaka tare, da niyyar duk wanda masifa ta sama a tallafa masa daga ciki. Kamfani wakili ne, yana ɗaukar ladan wakilcinsa da aka ƙayyade tun farko, yana juya sauran a harkokin halal ƙarƙashin idon kwamitin malamai. In an kai ƙarshen shekara da rara, akan raba wa waɗanda ba su karɓi diyya ba. In asusun ya gaza, kamfani ya ranta masa kuɗi ba ruwa, a biya shi daga rarar shekaru masu zuwa. Mutumin da ya tashi ya ga uwarsa tana zubin adashi ba zai sha wuyar gane wannan ba, sai dai a nan ba layi ake bi wajen kwasa ba, wanda abin ya faɗa wa shi ke ɗauka.

Ta fuskar farashi kada a sa rai da babban bambanci. Dukansu haɗari ɗaya suke aunawa: da me aka yi ginin, ina yake, me ke cikinsa, an taɓa yin gobara ko ambaliya a wurin. Gidan da ke kwari kusa da Ngadda ba zai yi araha a wajen kowa ba, kuma bayan abin da ya faru a 2024 duk mai lissafin haɗari ya san sunan Alau. Rarar da takaful ke mayarwa tana rage nauyi, gaskiya ne, amma ba alkawari ba ce. Shekarar da asara ta yi yawa babu abin rabo. Ya kamata mai shiga ya tambayi kashi nawa na kuɗinsa ke tafiya a ladan wakilci, domin wakilin da ya yanki kaso mai tsoka ya bar asusun da rama.

Inda na fi son mai karatu ya tsaya shi ne inda hanyoyin biyu suka zama ɗaya, wato takardar yarjejeniya. A nan ake cin mutane, kuma sunan Musulunci a saman takarda ba ya canza abin da aka rubuta a ƙasanta. Yarjejeniyar gobara zalla gobara take biya, da tsawa, da fashewar gas na girki. Ambaliya da guguwa da fashewar bututun ruwa suna cikin ƙarin bala'o'in da sai an nema an rubuta, an kuma biya kuɗinsu. Mutum zai iya shekara biyar yana biyan mai arahar, ruwa ya shafe gidansa, ya je ofis a buɗe masa shafi a nuna masa babu ambaliya a ciki, kuma doka tana bayan kamfani. Wannan ba halin Najeriya kaɗai ba ne. A Amurka ma inshorar gida ta gama-gari ba ta ɗaukar ambaliya, sai da gwamnati ta kafa shiri na musamman a 1968, Birtaniya kuma ta yi nata a 2016 don gidajen da kamfanoni ke gudu. Haka nan ɓarnar yaƙi da ta'addanci a al'ada ana cire su daga irin wannan yarjejeniya, abin da ɗan Maiduguri ya fi kowa cancantar a gaya masa ƙarara tun kafin ya sa hannu.

Sai tarko na biyu, wanda mu da kanmu muke ɗana wa kanmu. Don kuɗin shekara ya ragu, mai gida yakan rage ƙimar gidan. A ce sake gina shi zai ci naira miliyan 20, shi kuma ya rubuta miliyan 10. Ruwa ya zo ya yi ɓarnar miliyan 6. Yana zaton za a ba shi shidan tunda ba ta kai goma ba. Mai ƙiyasta asara zai zo da ma'auninsa ya ce rabin gidan ka yi wa inshora, saboda haka rabin asarar za a biya, miliyan 3, a kuma cire ɗan kason farko da yarjejeniya ta ce mai gida ne zai ɗauka da kansa. Ko wanda ya faɗi gaskiya ma yana iya faɗawa ciki ba da saninsa ba. Tun da darajar naira ta faɗi a 2023, kuɗin siminti da rodi da kwano suka yi tashin gwauron zabo, ƙimar da ta yi daidai shekara uku baya yau ba za ta kai ginin linta ba. Duk shekara sai an kira magini ya sake lissafi.

Akwai kuma abubuwan da suka keɓanci tsohuwar unguwa irin Shehuri. Gidaje da yawa na gado ne, magada goma a kan gida ɗaya, shaidar mallaka kuma ta bulama da lawan da maƙwabta ce. Da sunan wa za a rubuta, wa zai karɓi diyya? Gara a warware wannan a zaure tun ana dariya. Gida guda yakan haɗa ɓangaren bulo da ɓangaren ƙasa, kamfanoni kuwa sukan tsauwala kuɗin ginin ƙasa ko su ƙi shi ɗungurungum, don haka a sa wakili ya zo ya gani da idonsa, ya rubuta abin da ya gani. Gini daban, kayan ciki daban. Mai gida yakan tuna da katanga da rufi ya manta da gado da firji da keken ɗinkin uwargida, alhali asarar mata ce ta fi yawa a irin wannan ruwa. Ɗan haya ma yana iya yi wa kayansa shi kaɗai. Shagon ƙofar gida kuma hajarsa ba ta shiga lissafin gida sai an ambace ta, darasin da gobarar Kasuwar Monday ta Fabrairu 2023 ta isa ta koya wa kowane ɗan kasuwa.

Tambaya ɗaya ce nake ganin takaful bai kamata ya ji haushinta ba. Gobara gida ɗaya ko biyu take ci, asusu ya biya bai girgiza ba. Ambaliya kuwa unguwanni take kwashewa a dare ɗaya. In kamfani ƙarami ne, masu shigarsa kuma sun taru a gari guda, ranar da kowa ya zo da takardarsa a lokaci ɗaya daga ina kuɗin zai fito? Kamfanonin takaful na ƙasar nan matasa ne, jarinsu bai kai na tsofaffin ba. Amsar tana wajen wanda ya tsaya musu a baya, kamfanin da suka raba haɗarin da shi. Mai gida yana da ikon ya ce wa wakili, "Malam, wa ke bayanku, kuma su wa kuka biya a garin nan bayan ruwan Alau?" Wakilin kirki zai amsa ba tare da kame-kame ba. Tambayar nan ta hau kan tsofaffin kamfanonin ma, tare da ta biyu: ina ofishinku a Maiduguri? Wanda ruwa ya raba da komai ba shi da kuɗin motar zuwa Abuja bin diyya.

Da za a tambaye ni, takaful zan nuna wa mutumin Shehuri. Kariyar da zuciyarsa ta natsu da ita ita zai ci gaba da biya shekara bayan shekara, kuma doka a nan ba ta da sassauci: in ba a biya kuɗin shekara ba, babu kariya, ko da kwana ɗaya ne ya wuce. Amma ba zan ɓoye ba, takaful ɗin da babu ambaliya a cikinsa bai kai inshorar gama-gari mai ambaliya amfani ga gidan da ke hanyar Ngadda ba, kuma wanda ya bi fatawar da ta halatta masa ta biyun ba zan ga laifinsa ba. Nauyin yana kan kamfanonin takaful su fito da yarjejeniyar da ta dace da gidajenmu, a rubuce da Hausa da Kanuri, da biya kaɗan-kaɗan da ɗan kasuwa zai iya. Sabuwar dokar inshora da Shugaba Bola Tinubu ya sa wa hannu a Agusta 2025 ta ɗaga jarin da ake buƙata daga kamfanoni, saura NAICOM ta tabbatar ƙarfin ya isa Borno.

Kai kuma mai gida, kada ka jira ruwan Agusta. Tun da rani ka karɓi farashin kamfani biyu ko uku a kan ƙima ɗaya, ka tabbatar sunansu na cikin jerin masu lasisin NAICOM, ka ɗauki hoton kowane ɗaki da wayarka ka tura wa ɗan'uwa a wani gari. Ka samu wanda ya iya Turanci ya karanta maka shafin abubuwan da ba a biya, layi bayan layi. In ba ka ga an rubuta ambaliya ɓaro-ɓaro ba, ka mayar musu da takardarsu.