Ruwan ɗorawa ko shuɗi: wa ke zaɓar wa harsunan kwamfuta launi?

Duk wanda ya taɓa buɗe shafin GitHub, rumbun da miliyoyin masu rubuta manhaja ke ajiye ayyukansu, zai ga wani siririn layi mai launuka a gefen kowane aiki. Layin ne ke nuna harsunan da aka yi aikin da su da kason kowanne. Python shuɗi ne, JavaScript ruwan ɗorawa, C ruwan toka, C++ kuwa ruwan hoda.

Wata manhaja mai suna Linguist ce ke wannan rabo. Kamfanin GitHub ya buɗe ta ga kowa a shekarar 2011, kuma a cikinta akwai jerin harsuna sama da 500, akasarinsu kowanne da lambar launinsa. Tana auna girman fayilolin kowane harshe, sannan ta ba shi fili a kan layin gwargwadon haka.

Wasu launukan suna da tushe. Ruby, wanda Yukihiro Matsumoto ɗan Japan ya fitar a 1995, sunan jan dutse ne mai daraja, shi ya sa aka ba shi ja mai duhu. Java ruwan ƙasa ne, kusan launin gahawa. Shuɗin Go shi ne na tambarin harshen.

Matsalar ita ce harsuna sun yi yawa, launukan da ido ke iya rarrabewa kuwa kaɗan ne. Python da TypeScript duk shuɗi ne, sai an lura sosai. Sauya launi kuma ba aikin mutum ɗaya ba ne: dole mai neman sauyin ya nuna cewa masu amfani da harshen sun tattauna sun amince, domin launin ya zame musu kamar tuta.

Akwai kuma waɗanda tsarin ya bari a baya. Kimanin namiji 1 cikin 12 daga masu asalin arewacin Turai ba sa bambance wasu launuka da kyau, galibi ja da kore. Su dogaronsu ga sunan harshen da alƙaluman da ake rubutawa a ƙarƙashin layin.

Mai neman ma'aikaci ma ya yi hattara. Layin girman fayil yake aunawa, ba ya faɗin ingancin aikin. Matashin da shafinsa ya cika da ruwan ɗorawa yana iya zama gwanin Python ne.